Labarin Tashar Jirgin Ƙasa Ta Zariya

Duk mutumin da ya taɓa tafiya a jirgin ƙasa tsakanin Ikko da Kano ya san tashar Zariya, gama ba jirgin da ya ke wuce ta bai tsaya ba. Nan a ke sake direba, nan a ke duba ƙafafun taragu, nan kuma mutanen Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda su ke kwashe kayansu su sauka, su jira nasu jirgin. A zamanin da jirgi ke da ƙarfinsa, in ka ce wa abokinka ku gamu a tasha, ba ya tambayarka wace tasha. Yau kuwa in ka faɗa wa yaro haka a Zariya, sai ya nufi wajen motoci. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin wannan wuri, musamman domin malaman makaranta da akawunan ofisoshi, tun da ya ke su a kan tambaya, ga shi kuwa dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa.

Abin da ya bambanta tashar Zariya da ƙananan tashoshin da ke kan hanyar Kano, irin su Likoro da Dangora da Madobi, shi ne ita mararraba ce, watau wurin da hanyar jirgi ta rabu. A ƙaramar tasha jirgi biyu su kan gamu ne kawai, ɗaya ya raɓe, ɗaya ya wuce. A mararraba kuwa sai an kwance taragu, an ware na wannan hanya daga na waccan, an sake ɗaura su, sa'an nan kowane jirgi ya kama gabansa. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 har zuwa 1957, hanya huɗu ce ta fita daga Zariya: ɗaya ta yi Kaduna da Ikko, ɗaya Kano, ɗaya Gusau, ɗaya kuma Jos. Kaduna da Kafancan da Mina duk mararraba ne, amma hanya uku uku gare su. Zariya kaɗai ke da huɗu.

YADDA HANYA TA ISO

Hanyar jirgi a Nijeriya daga Ikko aka fara ta, cikin 1896. Ta kai Badun a 1901, ta kai Jaba a bakin Kwara a 1909. Amma a lokacin nan Arewa da Kudu kowace da gwamnatinta da baitulmalinta, kuma Turawan da ke mulkin Arewa ba su so kayan ƙasarsu su dogara ga hanyar Ikko. Abin da su ke so shi ne hanya tasu ta kansu, wadda za ta tashi daga bakin Kwara ta nufi Kano, jiragen ruwa su riƙa kawo kaya daga teku su kuma kwashe. A 1907 aka kawo Sir Percy Girouard ya zama Gwamnan Arewa. Shi mutumin Kanada ne, injiniyan soja, ya kuwa riga ya yi suna wajen shimfiɗa hanyar jirgi a Sudan. A shekarar nan aka fara aiki daga Baro, wani ɗan ƙauye da ke bakin Kwara a ƙasar Nufe.

Wahalar farko ita ce ta kawo kayan aiki. Kowane ƙarfe da kowace ƙusa da kowane kan jirgi daga Ingila aka ɗauko su, kuma manyan jiragen ruwa ba su iya hawowa har Baro sai lokacin da Kwara ta cika. In ruwa ya janye kafin kaya su iso, to, sai a jira baɗi. Duk da haka aikin ya yi sauri ƙwarai. Hanya ta bi ta Mina, ta haye kogin Kaduna, ta iso Zariya, ta zarce ta shiga Kano cikin watan Maris 1911. Tsawonta daga Baro mil 356 ne. Ana nan kuma hanyar Ikko ta haye Kwara ta bi ta Zungeru ta tarar da ita a Mina. Kafin a gama gadar Jaba a 1916, a kan wani jirgin ruwa a ke ɗora taragu a ƙetare da su. Ran 3 ga Oktoba 1912 aka gama hanyoyin nan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Mai karatu ya lura, wannan ya riga haɗa Arewa da Kudu da aka yi ran 1 ga Janairu 1914. Ƙarfe ya riga takarda ɗinke ƙasar.

To, su wa suka yi aikin? Littattafan makaranta su kan ambaci sunan gwamna da na injiniya, su yi shiru game da masu diga da kwando. Talakawa ne suka yi shi, yawancinsu kuwa ba da son ransu ba. Razdan ya kan gaya wa Sarki yawan mutanen da a ke bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci kuma ya shiga gida gida. Mutum ya kan yi 'yan makonni a bakin aiki, sa'an nan a sallame shi a kawo wani. Bayan mutane kuma sai an tara hatsin da za su ci. In abin ya faɗa cikin damina, sai gona ta lalace, har waɗansu ƙauyuka da ke kusa da hanya suka riƙa watsewa in sun ji an zo ɗiba. Wannan shi ne abin da a ke kira aikin diga, daga sunan ƙarfen nan mai baki biyu da a ke sarar ƙasa da shi. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, a zamaninsa aka yi wannan aiki a ƙasarsa, kuma da ya ke shi malami ne mai tsara waƙa, ya bar mana waƙa a kansa, wadda a ke kira Waƙar Diga. Ya kamata kowane malamin da ke koyar da tarihin Zazzau ya neme ta.

Akwai wani abu da aikin diga ya kawo wanda akawun baitulmali zai fi kowa gane nauyinsa. Leburori da kuɗin Turawa a ke biyansu, sule da kwabo da anini, a hannu. Gwamnati kuwa ta ce da irin kuɗin nan ta ke son haraji. Kuɗin da ya fita daga akwatin mai biyan lebura sai ya zaga kasuwa ya komo ta hannun dagaci. Ta haka wuri, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ciniki da shi, ya rasa daraja cikin 'yan shekaru kaɗan.

GARIN DA TASHA TA HAIFA

Ba a kai tasha cikin birni ba. An kafa ta a arewa da rafin Kubanni, wajen mil 3 daga ganuwa, kusa da inda Turawa suka yi barikinsu da gidajensu. Ƙa'idarsu a lokacin nan ita ce a bar fili na yadi 440 wanda ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don tsoron sauro da cuta. Ma'aikatan da jirgi ya zo da su, akawuna da direbobi da maƙera da kafintoci, yawancinsu mutanen Kudu ne, har da na Saliyo da Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Aka yanka musu filaye a jere, da tituna miƙaƙƙu, kusa da tasha. Asalin Sabon Gari ke nan. Da fari ba ya ƙarƙashin Sarki, Baturen da ke kula da bariki shi ke mulkinsa, sai daga baya aka mayar da shi hannun En'e. Ba da daɗewa ba kuma aka yanka Tudun Wada, tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni, domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan birni ba.

Kamfanonin Turawa su ma suka nemi filaye a bakin hanya, don tarago ya riƙa zuwa har ƙofar sito. Kantunan John Holt da G. B. Ollivant da Paterson Zochonis da na Faransawa duk nan suka jeru. Unguwar nan da kowa ke kira PZ har yau, daga sunan ɗaya daga cikinsu ta samo sunanta, ko da ya ke da yawa daga masu shiga a-daidaita-sahu suna cewa a sauke su PZ ba su san dalili ba. Sannu a hankali ciniki ya bar kasuwar birni ya koma Sabon Gari. Wannan abu ya yi wa 'yan birni ciwo, ba kuwa za a ga laifinsu ba. Birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar ayari ta ƙofofinsa, sai ga shi baƙo yana sauka mil uku daga ganuwa, ya yi cinikinsa ya koma bai ko ga ƙofar fada ba.

Saboda tasha kuma abubuwa da dama suka zauna Zariya. An kafa gonar gwaji ta Samaru a 1922, an kafa wurin horar da kuratan soja a 1924, aka buɗe masana'antar taba a 1959, Jami'ar Ahmadu Bello kuma a 1962. Ba mu ce jirgi kaɗai ya kawo su ba, amma duk mai neman wurin da zai kafa babban aiki a zamanin nan, abin da ya kan fara tambaya shi ne ko jirgi na zuwa.

ƘARAMIN JIRGIN JOS

Hanyar da ta fara mayar da Zariya mararraba ita ce wadda ta mutu tun tuni, har ba kowa ya san an yi ta ba. Dalilinta kuza ne. Tun kafin jirgi ya iso, kamfanonin Turawa suna haƙar kuza a kan duwatsun Jos, amma fitar da ita shi ne aiki. A kā a ke ɗaukarta, 'yan alaro su yi kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Da hanyar Baro ta iso, sai aka koma kai ta Rigacikun. Masu haƙar suka matsa wa gwamnati lamba, aka yarda a ja musu hanya daga Zariya, amma mai araha.

Faɗin babbar hanyar Nijeriya, watau tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 da inci 6 ne. Ita wannan kuwa aka yi ta ƙafa 2 da inci 6, da ƙananan ƙarafa da ƙananan kawunan jirgi. Ta bi ta Soba da Dutsen Wai, ta kai Rahama a 1912, sa'an nan ta hau dutse ta bi ta Jengre zuwa Jos, ta tsaya Bukur a 1914. Tsawonta duka mil 143. A takardun gwamnati sunan Bauci aka sa mata, ko da ya ke ba ta taɓa zuwa garin Bauci ba. Dalili kuwa, a lokacin nan ƙasar Jos cikin Lardin Bauci ta ke.

Bambancin faɗin nan shi ya ba tashar Zariya aiki mai yawa. Taragon ƙaramar hanya ba ya hawa babba, na babba ba ya hawa ƙarama. Saboda haka kowane buhun kuza da ya sauko daga Jos sai an sauke shi a Zariya, leburori su ɗauka a kā su loda a babban tarago. Haka kuma kowane inji da kwanon rufi da buhun hatsi mai hawa dutse. Ɗaruruwan mutane da wannan sauke-da-lodi su ke ci. Fasinja ma sai ya sauka ya sake jirgi, kuma tafiyar Jos ta kan cinye masa yini guda cur, gama jirgin ba shi da sauri, hawan dutsen kuwa da ƙyar ya ke yinsa.

Ƙarfinta bai daɗe ba. A 1927 babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi ta iso Kafancan ta haɗu da Kaduna, aka kuma ja reshe daga Kafancan zuwa Jos. Daga ran nan kuza ta sami hanyar zuwa teku ba sauke-sauke, ta daina bi ta Zariya. Ƙaramin jirgi ya koma ɗaukar auduga da hatsi da 'yan kasuwar ƙauye, yana ta fama da motoci, har aka rufe shi a ƙarshen Satumba 1957, aka tattare ƙarafan. Wanda ke son ganin irin kawunan jirgin, an ajiye waɗansu a Jos wajen gidan kayan tarihi. A ƙasar Zazzau kuwa abin da ya rage sai tudun ƙasa da ƙafafun gadoji nan da can cikin gonaki.

HANYAR ƘAURA

Reshe na biyu shi ne wanda ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Shika da Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa wajen mil 137. Niyyar da aka yi ita ce a zarce da shi Sakkwato, amma a shekarar nan ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗi suka ƙare, hanya ta tsaya Ƙaura. Yau kusan shekara ɗari ke nan, ba a ƙara mata ko mil guda ba. Funtuwa da Gusau wannan hanya ce ta ɗaukaka su suka zama manyan garuruwan ciniki, da injinan gurzar auduga da sitocin gyaɗa.

ABIN DA JIRGI YA ƊAUKA

Turawan da suka ba da kuɗin hanyar Kano auduga su ke hange. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka, aka ce musu ƙasar Hausa ce wurin. Ƙungiyarsu ta masu neman auduga, wadda a ke kira B.C.G.A., ta kafa injin gurza a Zariya tun farkon zuwan jirgi, kuma a 1912 aka fara gwada irin audugar Amurka mai dogon zare, mai suna Allen, a Maigana. Amma abin bai tafi yadda suka so ba. Masaƙan Kano da na Zariya sun fi Bature sayen auduga da daraja, manoman Kano kuwa suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Tun daga nan har shekara sittin, gyaɗa ce babban kayan da ke ratsa Zariya zuwa teku, har da ta Maraɗi da Damagaram, wadda a kan kawo Kano a loda. Dalar gyaɗar nan ta Kano da a ke alfahari da ita, ya kamata a gaya wa yara gaskiya, rashin isassun taragu da kawunan jirgi ne ya tara ta, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Auduga kuwa ta sami gindin zama a Zazzau da kudancin Katsina da ƙasar Gusau, watau daidai inda reshen Ƙaura ya bi.

Ban da waɗannan, fatu da ƙiraga da shanu suna gangarawa Kudu, gishiri da kananzir da yadi da siminti da kwanon rufi suna hawowa. Amma abin da ya fi sauya rayuwar Bahaushe shi ne goro. Dā fatake su kan yi watanni da jakuna zuwa Gwanja. Da jirgi ya zo, sai goro ya koma biyowa ta Ikko, daga baya kuma Yarabawa suka shiga nomansa a wajen Agege da Shagamu. Tafiyar wata uku ta koma ta kwana uku. Madugu da jagaba suka rasa aiki, 'ya'yansu suka koma zaman Sabo a Badun da Shagamu suna ɗaure huhu suna lodawa a tarago.

YADDA A KE AIKIN TASHA

Mai kallo daga waje ya kan ga kamar jirgi tafiya kawai ya ke yi. Akwai ƙa'ida mai tsanani a ciki. Hanyar Ikko zuwa Kano, mil 700, layi ɗaya ce, mai zuwa da mai komowa duk kanta su ke bi. Don kada jirgi biyu su yi karo, kowane yanki tsakanin tasha da tasha yana da sandar ƙarfe tasa, wadda ke kulle cikin wani inji a ofishin shugaban tasha. Injin nan a haɗe ya ke da ɗan'uwansa na tasha ta gaba ta waya. Ba ya sakin sanda sai shugabannin tasha biyu sun yarda, in kuwa ɗaya ta fita, wata ba ta fita sai an mayar da ita. Direba ba shi da ikon shiga yanki sai da sandar a hannunsa. A mararraba kamar Zariya kowace hanya da nata injin, ga masu juya layi, ga masu ɗaga alama, ga ƙaramin kan jirgi da ba ya zuwa ko'ina sai kai da kawowa cikin yadi yana jera taragu dare da rana.

Bayan dandamalin fasinja akwai shagon kaya da sikelinsa, da rumfar da kawunan jirgi ke kwana, da ma'aikatar gyara, da tankin ruwa, da gidajen ma'aikata. Jirgin wuta ruwa da kwal ya ke ci. Kwal daga Inugu a ke kawo shi, ɗaruruwan mil, ruwa kuwa da rani ya kan yi wuya tsakanin Zariya da Kano da Nguru. Wannan ya sa da aka kawo kawunan jirgi masu aiki da man dizal guda 10 a 1955, Arewa aka fi bukatarsu. Dattawa su kan tuna kawunan jirgin wuta da sunayensu, gama waɗansu sunayen sarakuna aka sa musu, waɗansu na koguna. Zariya ita ce hedkwatar gundumar Arewa ta hukumar jirgin ƙasa.

Aikin reluwe a zamanin nan aiki ne mai daraja, da albashi a kan kari, da gida, da asibiti, da fansho. Ma'aikatansa kuma su ne suka fara koya wa ƙasar nan ƙarfin ƙungiya. A watan Yuni 1945 suka shiga gaba wajen babban yajin aikin da aka yi kwana 44 ana yi, a kan neman ƙarin kuɗi saboda tsadar kaya bayan yaƙi, Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe yana cikin manyan jagororinsa. Jirage suka tsaya cik, gwamnati ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ran 1 ga Oktoba 1955 aka fid da jirgin ƙasa daga cikin ma'aikatun gwamnati aka ba shi hukuma tasa.

YADDA ABIN YA JA BAYA

A 1964, shekarar da hanya ta kai Maiduguri, jirgin ƙasa ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Me ya faru cikin shekara goman nan?

Na farko, fitinar 1966. An kashe mutanen Gabas da yawa a garuruwan Arewa, Sabon Garin Zariya na ciki, waɗanda suka tsira kuwa jirgin nan da suka yi wa aiki shi ya kwashe su zuwa gida. Ban da asarar rayuka, wadda ita ce babba, hukumar jirgi ta wayi gari ba direbobi da maƙera da shugabannin tasha masu yawa a Arewa. Sai ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, hanyar Gabas ta yanke. Bayan yaƙi kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta zuba su a kan hanyoyin mota, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka, gama mota har ƙofar sito ta ke kaiwa, ba ta kuma sa ɗan kasuwa jiran tarago mako biyu. Sa'an nan kayan kansu suka ƙare. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka gama da dalar Kano. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya buɗe a 1957, suka rufe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 2000, auduga ta rasa mai saye.

Amma kada a ɗora wa fari da mota laifin duka. Hanyar da aka shimfiɗa a 1911, an bar ta da lanƙwasarta yadda ta ke. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma. A 1995 aka ba wani kamfanin Sin kwangilar gyara. Ma'aikata suka yi ta bin albashi, tsofaffi suna bin fansho. Aka kai lokacin da ciyawa ta rufe layuka a yadin Zariya, taragu suka yi tsatsa a inda aka bar su. A watan Disamba 2012, bayan an gyara hanya, jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko zuwa Kano, mutane suka fito kallo kamar yadda kakanninsu suka fito a 1911. Reshen Ƙaura kuwa ya daɗe bai ga jirgi a kai a kai ba.

SABUWAR HANYA

Hanyoyin da a ke shimfiɗawa a wannan zamani faɗinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne. An buɗe ta Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli 2016, kuma a watan Yuli 2021 aka aza harsashin ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, wadda aka tsara za ta bi ta Zariya. Abin murna ne. Amma mai karatu da ya bi labarin ƙaramin jirgin Jos ya riga ya san abin da bambancin faɗi ke jawowa. Taragon sabuwar hanya ba zai hau reshen Ƙaura ba. In ba a sake reshen nan da sabon faɗi ba, ko kuwa a raya shi a shirya wurin sauke-da-lodi, to, Zariya za ta tashi daga mararraba ta koma tashar da jirgi ke tsayawa minti biyar ya wuce, Funtuwa da Gusau da Ƙaura kuwa su fita daga lissafi. Tun watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon yin hanyar jirgi, saboda haka gwamnatocin Kaduna da Katsina da Zamfara, waɗanda reshen ya ratsa ƙasarsu, ba su da sauran hujjar cewa abin na Tarayya ne kaɗai.

Kafin a kai ga wannan kuwa, akwai abin da ke hannun masu karatunmu. Ɓarayi suna kwance ƙarafan hanya suna sayar wa masu narkarwa, mutane kuma suna gini a filin reluwe. Ƙarfe in an sace ana iya sayen wani, amma fili in aka cika shi da gidaje, sai an biya diyya mai yawa da rigima kafin a same shi, sau da yawa ma ba a samu. Kowace takardar fili ta hannun akawu ta ke bi, a ofishin ƙaramar hukuma ko na hakimi, shi ne kuwa ya fi kowa sanin inda iyakar reluwe ta ke. Malaman makarantun Soba da Dutsen Wai da Rahama su kuma, tudun tsohuwar hanyar Jos yana nan kusa da su. Su fita da yara ran da ba karatu su bi shi, su auna faɗinsa, su zana inda gadoji su ke, su kuma zauna da tsofaffin da suka shiga jirgin kafin 1957 su rubuta abin da suka faɗa. Wanda ya shiga shi yana ɗan shekara goma, yanzu ya kusa tamanin ko ya wuce.